Allurar Sitiroyid a Gaɓɓan Hannu: Amfaninta da Iyakarta

Amosanin gaɓɓai, wanda jama'a kan haɗa da sauran ciwukan da suke kira sanyin ƙashi, yana samuwa ne idan guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙashi ya sassaɓe, ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. A hannu ya fi kama gaɓar kusa da farce, da ta tsakiyar yatsa, da gindin babban yatsa. Ya fi yawa ga mata, musamman bayan ɗaukewar al'ada. A Jabo da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe, inda hannu ne jarin mai noma da mai daka, ana ganinsa a yatsun dattijuwa da suka yi ƙulli-ƙulli, ta kasa damƙe taɓarya ko matse wanki, abin ya fi tsanani da sassafe.

Sitiroyid magani ne mai kwantar da kumburi, mai kama da sinadarin da jiki ke samarwa da kansa. Likita Philip Hench na Amurka ne ya fara jarraba kotizon, wani nau'in sitiroyid, ga mai ciwon gaɓɓai a 1948, kuma a 1951 Joseph Hollander ya nuna ana iya zuba irinsa kai tsaye cikin gaɓa. A yau likita kan goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya shigar da siririyar allura tsakanin ƙasusuwan biyu, sau da yawa haɗe da maganin kashe zafi.

Sauƙin da ake samu kan ɗauki makonni, wani lokaci 'yan watanni, amma allurar ba ta mayar da guringuntsin da ya tafi. Shi ya sa ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai, a shawarwarinta na 2018, ta ce kada a mai da ita maganin yau da kullum a hannu, sai dai a duba yiwuwarta idan gaɓar yatsa ta matsa da zafi.

Allurar tana da illoli kuma. Zafin kan ƙaru kwana ɗaya ko biyu kafin ya lafa. Sukarin jini kan hau na 'yan kwanaki, don haka wajibi ne mai ciwon suga ya sanar da likita. Fatar wurin tana iya yin fari, abin da ya fi fitowa fili a baƙar fata. Mafi hatsari shi ne ƙwayar cuta ta shiga gaɓa ta yi mugunya, shi ne dalilin da ba a yin ta a kemis ko a gida. Likitoci kan bar tazarar aƙalla wata 3 tsakanin allura da allura.

Kafin a kai ga allura, matakin farko shi ne motsa yatsu a hankali, gashi da ruwan ɗumi, man shafawa mai rage zafi, da ɗaurin tallafe babban yatsa. Idan waɗannan suka gaza, sai a nemi a tura mara lafiya wurin likitan ƙashi, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda zai tantance ko allurar ta dace.