GECEME: Shatin bulala yana gogewa, tsoro yana zama

Yaron da ke zabura cikin barci, yarinyar da ta daina magana: a ƙasar Arewa akan ce iska ce, ko kuwa taurin kai. Masana kiwon lafiya sun ce sau da yawa ciwo ne da hannun manya ya haddasa, kuma yana da magani.

Geceme tana cikin Dallol Mawri, a gundumar Tibiri ta jihar Doso, gundumar da aka cire daga Dogon Dutsi a shekarar 2011. Ƙasa ce ta manoma. Da an gama kai amfanin gona rumbu, sai ƙauyuka su fara sakin yaransu. Waɗansu a miƙa su ga malami su tafi almajiranci Argungu, Birnin Kabi ko Sakkwato. Ƴan mata kuwa a ba da su riƙo, ko aikin gida, ga ƴan'uwa da ke Doso, Gaya ko Yamai. Da yawa suna dacewa da hannu nagari. Waɗansu kuma su dawo gida ba yadda suka tafi ba.

A ƙauyukan yankin an san irin wannan dawowa. Yarinya ƴar shekara 10 ta tafi da surutunta da dariyarta, ta dawo ba ta iya haɗa ido da kowa. In an ɗaga hannu za a ɗauki ludayi, sai ta kare kanta. Ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana ƴar shekara 3. Jikinta ba rauni, don haka ba mai tunanin kai ta gidan likita. A ƙasar da bori ke da tushe tun kaka da kakanni, wurin masu girka ake fara nufa, ko a karɓo rubutu wurin malam. Tambaya guda ce ba a cika yi ba: me aka yi mata a can?

Ciwon da ido bai gani

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Likitocin ƙwaƙwalwa sun tabbatar da wannan magana, kuma tun shekarar 1980 suka sa ciwon firgici na bayan bala'i cikin jerin cututtukan da ake ganewa. Idan mutum ya tsorata, jikinsa yana sakin sinadarai masu sa zuciya bugawa da sauri, su shirya shi ga gudu ko faɗa. Da haɗarin ya wuce, jiki ya kwanta. Amma yaron da ake duka, ko zagi, ko hana wa abinci kullum, musamman daga hannun wanda ya kamata ya kare shi, jikinsa ba ya samun wannan hutu. Ƙwaƙwalwarsa tana girma cikin zaman ɗar-ɗar.

Alamomin sun danganta da shekaru. Ƙaramin yaro yakan liƙe wa uwarsa, ko ya riƙa maimaita abin da aka yi masa cikin wasansa. Ɗan lakwal yakan yi mugun mafarki, ya riƙa kukan ciwon ciki ko ciwon kai, karatu ya ƙi shiga, har mushe ya yanke masa hukuncin daƙiƙi. Matashi kuma yakan zama mai saurin fushi, ya gudu daga gida, ko ya faɗa shan ƙwaya. Idan irin waɗannan alamomi suka wuce wata guda, lamarin ya zama na likita.

Illar ba ta tsaya ga ƙuruciya ba. A birnin San Diyego na Amurka, likitoci Vincent Felitti da Robert Anda sun binciki mutane fiye da 17.000, suka fara fitar da sakamako a 1998. Sun gano cewa waɗanda suka sha wahala iri huɗu ko fiye suna yara, haɗarin su faɗa shaye-shaye, ciwon damuwa ko yunƙurin kashe kai ya ninka sau 4 zuwa 12.

Doka tana nan, al'ada tana nan

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, kuma a 1999 ta kafa kotunan yara, waɗanda alƙalansu ke da ikon kare yaron da ke cikin haɗari. Ma'aikatar ilimi ma ta daɗe da hana duka cikin aji. Duk da haka, babban binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa yara 8 cikin 10 masu shekara 2 zuwa 14 suna shan horo na duka ko na tsawa da zagi a gida, kuma kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18.

Masu kare bulala sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma duk mai saƙar zana ya san cewa ɗanye yana karyewa in hannu ya yi nauyi. Tarbiyya daban, azaba daban. Yaron da aka ɗaure, aka ƙona da wuta, ko aka yi wa fyaɗe sannan aka rufe maganar don gudun abin kunya, abin da ya koya kawai shi ne duniya ba ta da amana.

Magani yana farawa daga gida

Bayan faɗuwar mulkin Ceausescu a 1989, an tarar da dubban yara yashe a gidajen marayu na ƙasar Rumaniya. Wani bincike da aka fara a birnin Bukares a shekarar 2000 ya bi yara 136, aka ba da rabinsu riƙo ga iyalai masu kulawa. Waɗannan sun fi sauran farfaɗowa a hankali da magana, musamman waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara 2. Ke nan babban maganin shi ne babba guda wanda yaro ya amince da shi, kuma da wuri.

Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, akasarinsu a Yamai, tafiya mai nisa daga Geceme. Amma matakin farko bai buƙatar kuɗin mota. A raba yaron da mai cutar da shi. A saurare shi ba tare da ƙaryata shi ko matsa masa ba. Kada a dake shi don fitsarin kwance. A maida shi cikin tsaransa da karatunsa. A kai shi ga ma'aikacin lafiya ko da ana neman taimakon malam, domin farfaɗiya da wasu cututtuka ma suna kama da bugun iska. In an yi rauni ko fyaɗe, maganar ta jandarma ce da alƙali, ba ta sulhu a zaure ba.

Nauyi mafi girma yana kan masu karɓar yaran. Ɗan kasuwar da ke ɗora wa yarinya tiren talla, ma'aikacin da matarsa ta ɗauko ƴar aiki daga ƙauye, mushen da ke riƙe da aji: a hannunsu amanar take. Bana ma, da an gama girbi, motoci za su tashi daga Geceme ɗauke da yara. Yadda za su dawo ya rataya ga gidajen da za su sauka.