Muhallin buƙata a manhajojin yanar gizo

Muhallin buƙata shi ne tarin bayanan da sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, take miƙa wa manhajar yanar gizo a duk lokacin da wani ya nemi shafi. Misali, idan ɗalibi a Sule Tankarkar ya buɗe shafin JAMB a wayarsa, burauzarsa za ta aika buƙata, sabar kuma ta warware ta zuwa ƙananan bayanai: wane shafi ake nema, daga wane adireshi, da wace irin burauza. Tsarinsa kamar na ƙamus ne, kowane suna da bayaninsa a gefe.

Tarihi

Sunayen da ake amfani da su sun samo asali ne daga ƙa'idar CGI, wadda ta fito daga cibiyar NCSA ta Amurka a shekarar 1993, aka kuma wallafa ta a matsayin RFC 3875 a 2004. Daga nan aka gaji sunaye irin su REQUEST_METHOD, mai nuna ko karɓar shafi ake son yi ko aika bayani, da REMOTE_ADDR, mai ɗauke da adireshin na'urar da ta tuntuɓi sabar. A 2003 Phillip J. Eby ya rubuta ƙa'idar WSGI ta harshen Python, a 2007 kuma Rack ya fito domin harshen Ruby. Dukansu sun riƙe tsofaffin sunayen.

Yadda ake duba shi

Kowane ginshiƙin gina manhaja yana da ƙofarsa. A Django ana samunsa a request.META, a Flask a request.environ, a Rails a request.env, a harshen PHP kuma a $_SERVER.

Bayanan da ke ciki ba darajarsu ɗaya ba. Wasu sabar ce ke rubuta su da kanta. Wasu kuwa, waɗanda sunansu ya fara da HTTP_, daga mai aiko da buƙata suke zuwa, kuma yana iya rubuta abin da ya ga dama a cikinsu. Manhajar da ta dogara da HTTP_X_FORWARDED_FOR kaɗai don sanin inda mutum yake tana iya yarda da adireshin ƙarya. A watan Yulin 2016 aka bayyana wata ɓaraka mai suna httpoxy: maharin zai aiko da bayani mai suna Proxy, sabar ta mayar da shi HTTP_PROXY, wanda wasu manhajoji ke ɗauka a matsayin umarnin hanyar da za su bi wajen aika nasu saƙonnin. Da haka sai saƙonnin su bi ta hannun maharin.

Kwaikwayon muhalli

Tun da muhallin jerin sunaye ne kawai da bayanansu, mai rubuta manhaja zai iya haɗa na bogi da hannunsa ya miƙa wa manhajar, ba tare da ya kunna sabar ko ya hau intanet ba. Wannan shi ake kira kwaikwayo, kuma a wajen gwaji ake yinsa. Django ya samar da RequestFactory tun fitowarsa ta 1.3 a 2011, Flask yana da test_request_context, Rack kuma yana da Rack::MockRequest.

Amfaninsa ya fi fitowa a yanayin da ke da wuyar samu a zahiri. Ana iya gwada abin da shafin biyan kuɗin makaranta zai yi idan buƙata ta zo ba tare da shaidar shiga ba, ko da adireshin ƙarya, a maimaita gwajin sau ɗaruruwa cikin ɗan lokaci. Ga mai aiki a inda sabis ke yawan yankewa, wannan sauƙi ne babba, domin komai a kan kwamfutarsa yake gudana.

Sai dai kwaikwayo yana da iyaka. RequestFactory, alal misali, ba ya bi da buƙata ta matakan tsakiya da buƙatar gaske ke ratsawa kafin ta isa shafi, don haka dole mai gwaji ya saka bayanin mai amfani da na zamansa da kansa. Idan ya saka abin da sabar gaske ba za ta taɓa aikowa ba, gwajin zai yi nasara, manhajar kuma ta gaza ranar da aka ɗora ta. Shi ya sa ake haɗa irin wannan gwaji da wani da ke bin dukan matakan, kamar wanda ake yi da Client na Django.