Bin Hanyar Ƙafa Cikin Manyan Gonakin Ingila

A Ingila da Wales akwai hanyoyi da doka ta ba kowa damar bi ko da sun ratsa gonar wani, tsawonsu kuwa ya kai kimanin kilomita 225,000. Sun ɗan yi kama da burtali a ƙasar Hausa, sai dai burtali don dabbobi aka bar shi, waɗannan kuwa don mutane. Wata dokar 1949 ce ta wajabta wa hukumomin yanki su zana su a taswira.

Haƙƙin da mai tafiya ke da shi na wucewa ne kawai. Ƙasar tana hannun mai ita, aiki kuma ba ya tsayawa don baƙo: tarakta na kai da kawowa, ana saran itatuwa, daga Oktoba zuwa farkon Fabrairu kuma ana harbin tsuntsaye. Saboda haka ake bin alama. Kibiya rawaya tana nuna hanyar ƙafa, shuɗiya kuma wadda masu doki da masu keke ma za su iya bi. Ƙyaure ana barinsa yadda aka same shi. Idan a buɗe yake, wataƙila manomin ne ya bar shi don tumaki su kai ga ruwa.

Babban haɗari dai shanu ne. Mutane sun fi tsoron bijimi, alhali doka ta riga ta taƙaita shi: tun 1981 an hana sakin bijimin da ya wuce wata 10 a filin da hanya ta ratsa idan na irin shanun madara ne, sauran kuwa sai tare da shanu mata. Saniya mai ɗan maraƙi ita ce abar tsoro, musamman idan ta ga kare, domin maƙiyi take ɗaukarsa. Mai tafiya ba ya shiga tsakaninta da ɗanta, ba ya gudu, yana kewaye garken a natse.

Kare yakan kasance a ɗaure kusa da dabbobi. Amma idan shanu suka taso, shawarar da hukuma ke bayarwa ita ce a saki igiyar. Wannan yakan yi wa mai kare wuya, duk da haka shi ne daidai: karen ya fi shanu gudu, wanda ya riƙe igiyar kuwa shi ake tattakewa.