Filin Manoma: Karayar Idon Sawu Da Gashi Ta Wayar Hannu

A ƙasar Dandi da ta Bagudo, inda kogin Kwara ya ke shigowa Nijeriya daga iyakar Nijar da Benin, arzikin mutum a ƙafarsa ya ke. Da ita ya ke taka taɓon fadama, da ita ya ke tayar da babur ya kai buhun shinkafa kasuwar Kamba. Santsin kunya, faɗuwa daga amalanke, ko karon kabu-kabu, kowanne ya isa ya karya idon sawu. In haka ta faru lokacin dashe, to, ba ƙafa kaɗai ta karye ba, har da noman shekara.

Ƙasusuwa uku ne su ka haɗu a idon sawu: biyu na ƙwauri, da ɗaya da ke zaune a bisa ƙashin dunduniya. Mutane da yawa su kan ce targaɗe ne, su murza, su ci gaba da aiki. Ga yadda a ke ganewa. In mutum ya kasa yin taku huɗu, ko kuwa in an danna ƙashin nan da ya ɓullo a gefen idon sawu ya ji zafi ƙwarai, lalle ya je a ɗauki hoton ƙashi. In ƙafar ta karkace, ko ƙashi ya huda fata, wannan ba a kwana da shi a gida.

Ba wanda ya ke musun masu ɗori sun daɗe suna taimakon jama'a. Amma hannu ba ya ganin abin da hoto ya ke gani. Karayar da ta goce, in ta haɗe a karkace, mai ita zai yi ta fama da ciwon gaɓa har tsufa. Ɗaurin karare kuma in ya cika tsanani ya kan tare jini, naman ƙafa ya ruɓe, har ta kai ga yankewa. Akwai babban asibiti a Kamba, akwai asibitin Sir Yahaya da na Gwamnatin Tarayya a Birnin Kebbi. Karaya mai wuya a kan tura ta Sakkwato, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Ƙashin idon sawu ya kan ɗauki wajen mako 6 kafin ya haɗe, ko siminti a ka sa, ko aiki a ka yi a ka sa ƙarfe. To, a nan ne manomi ya kan yi kuskure. Ran da a ka cire siminti sai ya ce ya warke, ya ɗauki fartanya. Alhali gaɓar ta sandare, naman sha-raɓa ya zube, ƙafar kuwa ta manta yadda a ke tsayawa a ƙasa mai gargada. Sai an yi wani mako 6 ko fi ana motsa ta kafin ta ɗauki aikin gona. Watau jimla wajen wata 3, kusan kwanakin da shinkafa ta ke yi daga shuka zuwa yanka. Kumburi kuwa ya kan riƙa komowa har wata da watanni.

Wannan motsawa ita ce aikin likitan gashi. Amma likitocin gashi a manyan garuruwa su ke, daga Kamba zuwa Birnin Kebbi kuwa tafiya ce ta wajen kilomita 100. Wa zai iya biyan kuɗin mota kowane mako, da karyayyar ƙafa? Tun 2020, sa'ad da annobar korona ta hana zirga-zirga, likitocin gashi a ƙasashe da yawa su ka shiga duba majinyata ta wayar hannu mai hoto. Majinyaci ya jingina waya a ƙasa, ya yi tafiya gabanta, likita ya ga inda ya ke ɗingishi, ya gyara masa. Inda layi ba shi da ƙarfi, kamar wasu ƙauyukan bakin iyaka, a kan ɗauki ɗan gajeren bidiyo a aika ta WhatsApp. Wanda ba shi da irin wannan waya, ɗansa ko malamin gona na iya taimakonsa.

Ga irin abin da a kan koya. Tun ƙafa tana cikin siminti, a riƙa motsa yatsu, a ɗora ta bisa matashi ta ɗara ƙirji tsawo. Bayan an cire, a riƙa lanƙwasa ta sama da ƙasa, a rataya rawani a tafin ƙafa a jawo a hankali. In likita ya ba da izinin takawa, a dafa bango a yi ɗage, sa'an nan a koyi tsayawa da ƙafa ɗaya. Sai mutum ya iya waɗannan ba zafi kafin ya shiga taɓo. Mai shan taba ya bari, gama tana jinkirta haɗewar ƙashi. Mai ciwon sukari kuma ya gaya wa likita tun farko.

Sai dai a kiyaye: waya ba ta ɗori, ba ta kuma ɗaukar hoton ƙashi. Zuwan farko da ranar cire siminti, dole mutum ya je da kansa, a nan kuma zai nemi lambar likitan gashi na asibitin, kada ya bi kowane mai talla a intanet. In yatsu su ka yi sanyi, ko su ka mutu, ko siminti ya fara wari, ko sha-raɓa ta kumbura tana zafi, a bar waya a nemi mota nan da nan.

Wanda abin ya sama, ya ba 'yan'uwa amanar gona, ko ya kira gayya. Asarar kaka ɗaya a kan mayar da ita baɗi. Ƙafar da a ka gaggauta kuwa, ta kan ci kaka goma.