Hayaƙin Taba Ba Ya Tsayawa Ga Mai Sha

Maigida, in ka kunna sigari cikin ɗaki, ba kai kaɗai ke sha ba. Matarka da jaririn da ke goye duk suna shaƙa. Shi ke jawo wa yara tari da ciwon kunne. Kai kuwa, hayaƙin yana barin baƙi a huhunka kamar kunkunniya a rufin madafa. Daga nan ciwon daji da ciwon zuciya ke samun ƙofa. Taba takan kashe kusan rabin waɗanda ba su bar ta ba.

Barinta da wuya, don akwai wani dafi cikinta, nikotin, mai kama jiki. Amma kwana 3 na farko su ne masu tsanani, bayan mako 4 wahalar ta yi sauƙi.

Ka sa rana, ka gaya wa iyalinka. Watan azumi ya dace, tun da ka saba wuni ba ta. In sha'awa ta taso, ka sha ruwa, ka kama asawaki, za ta wuce.

Uwargida, in ya yi faɗa kwanakin nan, ki yi haƙuri. In ya koma, kada ki yi masa gori. Ku tafi asibiti, a sake sa rana.