Kalmar nan "Joy": Ma'anarta da Inda Ya Dace a Sa Ta



A wannan fitowa za mu duba wata ƙaramar kalmar Turanci mai harufa uku, wato joy. Dalili kuwa, da wuya a kawo mana wasiƙar godiya da aka juya zuwa Turanci domin masu taimako na nesa, ba mu ga kalmar a ciki ba. An raba gidan sauro, joy. An ba da kwano biyu na masara, joy. Da haka kalmar take rasa nauyinta.

Joy ita ce farin ciki mai yawa, irin wanda yake cika zuciya har wani lokaci ya kawo hawaye. Turawan Ingila sun aro ta daga Faransanci wajen shekara ta 1200, Faransawa kuma sun gaje ta daga Latin. Ta fi happy nauyi nesa ba kusa ba. Mutum yana iya zama happy don ya sayar da kifinsa da daraja a kasuwar Yauri. Amma matar da ta yi shekara goma tana jiran haihuwa, ranar da ta rungumi jaririnta, wannan shi ne joy.

A lura, sunan abu ce, ba siffa ba. Wanda ya ce I am joy, mai sauraro zai ɗauka sunansa yake faɗa, tun da yake 'yan mata masu wannan suna sun cika majami'unmu. Abin da ake cewa shi ne I am full of joy. Kalmar tana da dangi. Rejoice shi ne yin murna a fili. Enjoy kuwa jin daɗi ne kawai, kamar na cin tuwon shinkafa da miyar kifi, ko kallon tseren jirage a bikin Rigata. (Masu suna Joyce su yi haƙuri, masana sun ce asalin sunansu dabam ne.) Akwai ma sabulun Joy a kanti. Samarinmu da suka dawo daga Legas kuma suna cewa no joy, suna nufin rayuwa ta yi tsanani, ba mai tausayin wani, alhali Baturen Ingila in ya faɗi haka, yana nufin abin da ya nema bai samu ba.

A cikin ikkilisiya kalmar tana da wani zurfi. Manzo Bulus ya sa farin ciki na biyu, bayan ƙauna, cikin albarkun Ruhu a Galatiyawa sura 5, kuma wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa, wadda ta yi ta maimaita zancen farin ciki, daga kurkuku ya rubuta ta. Ashe irin wannan farin ciki bai dogara ga cikar rumbu ba. To, amma wannan magana ce da mutum yake faɗa da bakinsa, daga bangaskiyarsa. Ba hurumin mai fassara ba ne ya sa ta a bakin wanda bai faɗe ta ba.

Mutanen wannan yanki sun san rashi. Gungawa da yawa sun bar tsibiran kakanninsu sa'ad da aka gama madatsar Kainji a 1968. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar Kebbi. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara, mutane da yawa suka rasu. Gwauruwar da ta karɓi buhun hatsi bayan irin wannan masifa, ta ce "Na gode Allah, na ɗan sami sauƙi," ba ta ce tana cikin babban farin ciki ba. In aka rubuta joy a madadinta, an rufe hawayenta, mai taimakon kuma zai zaci damuwar gidan ta ƙare, ya juya wani wuri.

Saboda haka muna roƙon masu fassara, in an ce an gode, a rubuta thankful. In an ce an sami sauƙi, a rubuta relieved. A ajiye joy domin ranar da yaron da aka fid da rai a kansa ya tashi ya nemi abinci, ko ranar da ruwa ya fito a sabuwar rijiyar burtsatse mata suka yi guɗa. Wanda abin ya shige masa duhu, ya rubuta maganar da Hausa daidai yadda aka faɗe ta, ya ba fasto ko mai bishara na ƙauyensu ya kawo ofis, mu juya tare.