Idan gudan jini ya toshe jijiyar ƙafa

Ka san abin da ke faruwa a garkar albasa a kwarin Tarka idan laka ta toshe tiyon ban ruwa: fangalin da ke gaba sai ya yi yaushi, in an daɗe ya bushe. Haka jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi suke. Wani lokaci jini yakan daskare ya zama guda, ya toshe ɗaya daga cikinsu. Idan ta ƙafa ce ta toshe gaba ɗaya, naman ƙafar zai iya fara mutuwa bayan kamar awa 6.

Ciwon yana zuwa farat ɗaya. Ƙafar za ta yi zogi mai tsanani, ta yi sanyi fiye da ɗayar, tafinta ya koɗe, sannan ta yi nauyi kamar ba taka ba. Waɗanda ya fi kamawa su ne masu ciwon zuciya, masu ciwon sukari ko hawan jini, da masu shan taba. Har da matan da zuciyarsu ta raunana bayan haihuwa, ciwon da ya yawaita a ƙasar Hausa.

A manyan asibitoci akwai hanyar narkar da gudan ba tare da an yanka ƙafar ba. Likita zai kashe zafi a gindin cinya, ya huda jijiya, ya zura wata siririyar roba da ake kira kateta. Yana duban tafiyarta da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki har bakinta ya shiga cikin gudan. Daga nan magani zai riƙa ɗiga a kansa sannu sannu, wani lokaci kwana ɗaya, wani lokaci biyu, har hanya ta buɗe. Wani likitan Amurka, Charles Dotter, ya bayyana wannan dabara a 1974.

Maganin yana da haɗari, domin yana iya jawo zubar jini, har a cikin ƙwaƙwalwa. Saboda haka ka gaya wa likita in an yi wa maras lafiya tiyata kwanan nan, ko ta haihu ba da daɗewa ba, ko yana da gyambon ciki mai jini. Irin waɗannan akan ciro musu gudan ta hanyar tiyata.

Ba a yin aikin kateta a asibitin gunduma na Madawa, Buza ko Keita, kuma Yamai tafiyar kusan yini ce a mota. Duk da haka can za ka fara zuwa, ko da dare ne. Ma'aikata za su iya yin allurar da ke hana gudan ƙaruwa, su rage zafi, su tura ku gaba.

Kafin ku isa, kada a gasa ƙafar da wuta ko ruwan zafi. Fatar da ba ta ji tana ƙonewa ba a sani ba. Kada a yi tausa, ƙaho ko tsaga. Kada a ɗaga ta sama, a bar ta ta ɗan sauka, a lulluɓe da zane ba tare da ɗaurewa ba. Kada a ba shi abinci, wataƙila za a shiga tiyata. Ka riƙe lokacin da ciwon ya fara, ko bayan azahar ne ko kafin asuba, domin likita zai tambaye ka.